Pave Ta Ɗauki Hayar Surukinta

Ranar da farar mota ta tsaya a ƙofar gidan Pave, kafin direban ya kashe inji labari ya zagaye ƙauyen. Mu a Konavle ba ma sayen jarida. Muna da Ane, wadda tagarta take kallon ƙofar Pave tun suna amare, kuma har yau ba a taɓa jin ta yi kukan ciwon wuya ba.

Pave ta fito cikin shigar da ba wanda ya taɓa ganinta da ita: malafa mai faɗi, baƙin tabarau, jaka rataye a kafaɗa. Matar da ta ƙarar da shekarunta saba'in tsakanin kabeji da kurangar inabi, yau ta wayi gari Ba'amurkiya.

"Pave! Ina zuwa haka?" in ji Ane daga taga, alhali ta sani sarai.

"Yawon buɗe ido."

"A ina?"

"Montenegro."

"Montenegro? Ba ke ce kika rantse..."

"Na rantse ba zan shiga gidan kowa ba, ba zan ci abincin kowa ba. Ban rantse a kan duwatsu da ruwa ba. Jamusawa suna zuwa, Japanawa suna zuwa, ni ce ba ni da idon kallo?"

"A'a, kina da shi. Direban ne dai na ga kamar na san fuskarsa."

"Kamfani ne ya turo shi. Ni na ɗauke shi aiki?"

Ita ta ɗauke shi. Ita da ƙafarta ta hau bas har Dubrovnik, ta shiga ofishin masu kai baƙi yawo, ta gaya wa yarinyar da ke zaune cewa tana son tafiyar yini guda, mota ita kaɗai, ba a cusa ta cikin masu gajeren wando ba. Jagoran da take so kuma mutumin can ne, sunansa Mitar, dogo, mai hanci. Yarinyar ta ce ai kuwa an dace, baƙi suna yabonsa ƙwarai. Pave ta ce baƙi ba su da 'ya'ya mata, shi ya sa.

Mitar mijin Jele ne, 'yarta tilo, kuma ɗan Montenegro ne.

Rantsuwar ta samo asali tun 1991, shekarar da sojoji suka gangaro mana daga wancan ɓangaren, ta Montenegro. Pave da mijinta Baldo suka ɗauki Jele, tana 'yar shekara uku, suka gudu birni. Da suka dawo babu rufi, babu firij, babu keken ɗinki, har ƙofar ma an tafi da ita. Pave ta tsaya cikin toka ta rantse da babbar murya. Baldo, Allah ya ji ƙansa, ya ce ta rage murya, sai ta ƙara. A lokacin Mitar yana aji ɗaya, haƙoransa na gaba ba su gama fitowa ba. Duk wanda ya tuna mata wannan sai ta ce ba hujja ba ce, wani kawunsa dai yana can yana shan ruwan sanyi daga firijinta.

Sau ɗaya tak Pave da Mitar suka taɓa haɗuwa, shekara shida da suka wuce, ranar da Jele ta kawo shi gida. Mu nan idan mun gaisa sumba biyu muke yi, ɗaya a kowane kunci. Su can uku suke yi. Mitar ya sunkuya, ya yi ta ɗaya, ya yi ta biyu, ya taho da ta uku cikin ladabi kamar yadda uwarsa ta koya masa, sai Pave ta janye fuska. Ya tsaya da baki a tsuke, yana sumbatar iska a gaban mutane.

"A gidan nan biyu muke yi," ta ce. "Ta ukun ka kai wa waɗanda suka kwashe mini kaya."

Ba ta je ɗaurin aure ba. Jele kuwa, da yake ba a ƙasa ta tsinci taurin kai ba, ta ce ita ma ba za ta sake taka gidan uwarta ba sai ranar da uwar ta taka gidan mijinta. Aka haifi Zorka, ta yi haƙora, ta yi ƙafa, ta yi baki, duk a hayin iyakar da ba ta kai tafiyar cin kasuwa nisa ba. Uwa da 'ya kowace tana zaune tana jiran ɗayar ta gaji.

Abin da ya karya Pave hoto ne. Ane ce ta kawo mata a waya, saboda tsabar tausayi irin na Ane. Yarinya 'yar shekara huɗu tana dariya, da kunnuwan Baldo sak, fatan-fatan, masu tare iska. A jikin kunnuwan nan kuma an rataya wasu 'yan kunnen roba ruwan hoda, irin na kantin bakin ruwa. Alhali kowa ya san a Konavle kakar yarinya ce take sa mata 'yan kunnenta na fari, na zinariya, masu zobe, waɗanda ita ma ta gada. Na Pave suna naɗe cikin hankici tun ranar da aka ce an haifi mace. Ta miƙa wa Ane wayarta ta ce yarinya dai kamar kowace yarinya. Sannan ta shiga ɗaki ta yi kukan da ba ta yi ba tun jana'izar Baldo.

Dabararta mai sauƙi ce, kuma a ganinta ba ta da ɓaraka. Ta san mutanen can. Ba ka isa ka wuce ƙofar ɗan Montenegro ya bar ka ba. Zai roƙe ka, ka ƙi, ya rantse da kabarin ubansa, ka ƙi, ya kama hannunka ya ja ka ciki ya ɗura maka abinci har sai ka nemi taimako. To ita za ta zauna a motarsa yini guda. Zai roƙa, za ta ƙi. Zai sake roƙo, za ta sake ƙi. A ƙarshe zai ja ta da ƙarfi, ta ga jikarta, ta sa mata 'yan kunne, ta dawo ta gaya wa Ane cewa yaudararta aka yi, mace ita kaɗai a ƙasar mutane, me za ta iya?

Mitar ya buɗe mata ƙofar baya. Farar riga, katin shaidar aiki rataye a wuya, fuska a sake kamar bai taɓa ganinta ba.

"Barka da asuba, Madam. Sunana Mitar, ni ne jagoranki a yau. Tafiyar taki ce ke kaɗai, duk abin da kike so sai ki faɗa."

"Ba na son komai."

"Madalla. Akwai ruwan sha a gefenki."

"Na ina ne?"

"A nan ɓangaren na saya, Madam. Ga rasit in kina so."

A kan iyaka suka tarar da layin motoci har ya sha kwana. Pave ta zauna tana kallon ƙeyarsa, tana neman aibu. Ta samu gashinsa ya fara zubewa, abin ya ɗan sanyaya mata rai. Jami'in iyaka ya leƙo, ya dubi takardunta, ya dubi malafar, ya tambayi dalilin tafiya.

"Yawon buɗe ido," ta ce da ƙarfi, don a ji har Konavle.

Da suka gangara Herceg Novi, Mitar ya gyara murya ya fara karatunsa.

"A damanki, Madam, tsohon gari ne da ya yi suna wajen matakala. Baƙi da yawa suna mamakin..."

"A nan gwiwoyina suka ƙare. Shekara nawa ina hawa da kwandon wake a ka, kafin a haife ka."

"To Madam ta taɓa zuwa ƙasarmu ke nan?"

"Lokacin ba ƙasarku ba ce. Kasuwa ce kawai."

"Abin sha'awa. In ci gaba, ko Madam za ta karɓa daga nan?"

Ta tagar mota ta hango rufin kasuwar, ta tuna Stanka mai cuku, wadda suke raba tebur da ita. Kowace Asabar sai sun rungume juna sun yi sumba uku, ba wanda ya ƙirga, ba wanda ya ce ta wane ce. Ba ta san ko Stanka tana raye ba. Ta gyara tabarau ta ce ya ƙara sanyin motar, ana biyansa.

A Perast ya sa ta cikin ƙaramin kwalekwale zuwa cocin da ke tsakiyar ruwa, tare da wasu Turawa jajaye kamar an gasa su. Ya miƙa mata hannu za ta sauka, ta ƙi, ta yi tangal-tangal, ta kama hannun da kanta, sannan ta sake shi kamar ta taɓa tukunya mai zafi. Ya ba ta labarin masuntan da suka yi ta jefa duwatsu a ruwa har tsibiri ya tashi. Ta ce ai kuwa mutanen nan sun iya kwasar abu daga wani wuri su kai wani wuri, ba yau suka fara ba. Ya ce baƙi da yawa suna lura da hakan, kuma ya gode da sharhin.

Ya ɗauke ta hoto a gaban cocin, ya ɗauke ta a gaban ruwa, ya ce ta ɗan yi murmushi. Ta ce ba a rubuta murmushi cikin tsarin tafiyar ba.

Har rana ta take, bai roƙe ta komai ba.

Pave ta fara tsarguwa. Ta ga dai sai ta ɗan buɗe masa hanya, tunda Allah bai ba shi basira ba.

"Mutanen ƙasar nan," ta ce, tana kallon waje, "suna da gidaje kuwa, ko a coci-coci suke kwana?"

"Suna da su, Madam."

"Da iyali?"

"Wasunsu."

"Da yara?"

"Akan samu."

"Kuma suna ciyar da su?"

"In an samu hali, Madam. A gabanmu kaɗan za ki ga ganuwar Kotor, wadda ta hau dutse har..."

Ta so ta cire malafar ta kwaɗa masa a ƙeya.

Kotor a cike take maƙil. Wani jibgegen jirgin ruwa, wanda ya fi duk ƙauyenmu girma har da maƙabarta, ya amayar da mutanensa cikin gari, kowa da waya a sama, suna bin maguna suna ɗaukarsu hoto. Pave ta ga wata mata da gashi fari fat ta durƙusa a gaban wata mage mai ido ɗaya tana mata magana da ƙaramar murya. Ta ce wa Mitar a ƙauyensu irin wannan da tsintsiya ake gaishe ta. Ya ce nan mage tana da gata, har gidan tarihi aka yi mata. Ta ce ta ga alama, sun fi daraja mage a kan keken ɗinkin mutane.

Da lokacin cin abinci ya yi ya nuna mata wani wuri mai rumfar inabi, ya ce kifinsu na safiyar nan ne, akwai kuma kek mai madara da ake tahowa daga nesa don shi. Ta ce ta gode. Ta zauna a kan wani benci, ta buɗe jaka ta fito da burodinta da cukunta da busasshen ɓaure, duk na Konavle, ta fara ci da fuskar wadda take cika alkawari. Burodin ya bushe a zafin mota. Ƙamshin gasasshen kifi yana tasowa daga rumfar yana zagaye bencin. Ta tauna, ta haɗiye da ƙyar, ta tabbatar wa kanta cewa daɗi yake yi.

Mitar yana tsaye gefe, hannu a baya. Sai wayarsa ta yi ƙara. Ya nemi izini ya ɗauka, bai ko matsa ba.

"Na'am... A'a, ina aiki, ina tare da baƙuwa... Eh, mutuniyar kirki ce, ba ta da yawan magana... Ta ci? To ki ce mata in ba ta cinye ba, babu zuwa bakin ruwa... Sai na dawo."

Daga cikin wayar wata siririyar murya tana fitowa, ba a jin kalmomin, sai tashinta da saukarta. Pave ta san wannan muryar tun ranar da ta fara tsala ihu a duniya. Shekara shida ba ta ji ta ba. Ta ji kewar 'yarta ta taso mata gaba ɗaya, ta damƙe jakar a cinya don kada a gani. Yanzu zai ce, ta gaya wa kanta. Yanzu zai ce, Mama, don Allah, gida ba nisa.

Ya mayar da wayar aljihu.

"Ki yi haƙuri, Madam. Matata ce. Saura babban coci, sannan mu kama hanya."

"Wace irin mata ce?" ta tsinci bakinta yana tambaya.

"Mai kirki. Sai dai taurin kai, Madam, in ta kafe ko jirgin can ba zai ja ta ba. Ban san inda ta samo shi ba."

Hanyar komawa ta bi ɗaya gefen ruwan, siririya, mota biyu ba sa wucewa sai ɗaya ta roƙi ɗaya. Teku a dama, gidajen dutse a hagu. Mitar ya bayyana cewa ta nan ake zuwa jirgin fito, wanda zai tsallakar da su ya rage musu zagaye, daga can kuma sai iyaka. Pave ta san adireshin gidan Jele da ka, ko da yake ba ta taɓa rubuta shi a jikin ambulan ba. Ta ga allon Stoliv, ƙauyen da suke zaune, ya wuce. Ta cire tabarau.

Motar ta rage gudu har kamar za ta tsaya.

"A hagunki, Madam, gidan masunta ne irin na da. Ki lura da koren taga da matakalar waje. Baƙi suna son ɗaukarsa hoto."

Akwai ƙaramin keke a jingine da bango, mai kwando a gaba. A kan igiya an shanya kaya, da wata 'yar rawayar riga da ba ta fi tafin hannu biyu ba. An maƙale rigunan ta ƙasa, kai a sunkuye, don kada kafaɗa ta yi kunne. Duk faɗin gaɓar nan mutum biyu ne suke shanya haka, kuma ɗayar ce ta koya wa ɗayar, da faɗa.

Pave ta buɗe baki. Ta jira. Shi ma ya jira, idonsa a madubi. Wata mota ta yi musu oda daga baya.

"Madam tana son hoto?"

"A'a."

Ya taka mota.

A mashigar jirgin fito suka shiga layi. Jirgi ɗaya yana tsakiyar ruwa yana tahowa, motocin da ke gabansu ba su da yawa, wannan zuwan da su zai tafi. Pave ta sa hannu cikin jaka ta taɓa hankicin. Duk dabararta ta rushe a kan abu ɗaya da ba ta taɓa kawowa a ranta ba, wai a samu ɗan Montenegro da zai wuce ƙofar gidansa da baƙo a mota bai ja shi ciki ba. Ko dai an ɓata tarbiyyar yaran yanzu, ko kuma wannan ya zauna da Jele har ya koya.

Jirgin ya iso, ya saki bakinsa a kan siminti. Motoci suka fara fitowa.

"Na ji an ce," in ji Pave, tana gyara malafa, "a irin wannan tafiya akan kai baƙo gidan 'yan ƙasa. Ya ga yadda suke zaune. Al'ada da sauransu."

"Akan yi, Madam. Akwai wata tsohuwa a kan dutse, tana da awaki, tana sa kayan gargajiya in an sanar da ita da wuri."

"Ba na son awaki. Wancan gidan mai koren taga ya isa."

"Wancan ba ya cikin tsari."

"Kai ka ce duk abin da nake so in faɗa."

"Na ce."

"To na faɗa. Ko ƙofa ce in tsaya, a fito da... da mutanen gidan, in gani, in wuce. Ba sai na shiga ba."

Mitar ya kashe inji. Ya juyo gaba ɗaya, karo na farko tun safe, kuma murmushin aikin nan ya bar fuskarsa.

"Madam, na kai mutane sun kalli coci, sun kalli ganuwa, sun kalli mage. Duk abin da ke ƙasar nan na nuna wa baƙi, har da abin da bai kai a nuna ba. 'Yata ba ta cikinsu. Ba a fito da ita bakin titi a ɗauke ta hoto a wuce. Gidan can ba ya karɓar 'yan yawon buɗe ido. Dangi kawai yake karɓa."

"Kai ba ka da kunya? Ubanka haka yake barin baƙo ya wuce ƙofarsa?"

"Da ubana ne, da tun a Perast ya ɗaure ki ya sa a but ɗin mota. Ni ma tun safe hannuna yake ƙaiƙayi. Amma Jele ta ce in na roƙe ki ko sau ɗaya, in nemi wurin kwana a jirgin nan. Ta ce uwarta za ta so a ja ta, don ta koma ta ce wa Ane yaudararta aka yi."

Pave ta ji kunya ta rufe ta tun daga malafa har takalmi. Ashe duk wannan tabarau da tafiyar bas zuwa Dubrovnik, 'yar da ta haifa ta karance ta tun daga hayin ruwa.

Ma'aikacin jirgi, mai riga ruwan lemo, ya fara kiran motoci da hannu. Ta gabansu ta motsa. Na bayansu ya danna oda, ya leƙo da kai ya tambayi Mitar ko ya zo shan iska ne, ya haɗa da gaisuwa ga mahaifiyarsa. Ma'aikacin ya taho yana buga bonet ɗin motar da tafin hannu.

"Kai, jagora! Za ka hau ko sai an kawo maka kofi?"

Mitar ya sa hannu a makulli, ya dube ta a madubi.

Pave ta tuna tokar gidanta, ta tuna muryarta a ranar, ta tuna Baldo yana cewa ta rage. Ta nemi fushin nan da ta yi shekara talatin da wani abu tana ba shi ruwa kamar kabeji, ta same shi yana nan, bai je ko'ina ba. Sai dai a gefensa akwai 'yar rawayar riga a kan igiya, kuma jirgin ba zai jira ta gama aunawa ba.

"Cire wannan abin daga wuyanka," ta ce.

"Madam?"

"Katin. Cire shi. Na sallame ka, ba ka iya aiki ba. Yini guda ba ka bar ni na huta da surutu ba."

Ya cire katin ya ajiye a kujerar gefe.

"Mitar." Ba ta taɓa kiran sunan a gabansa ba, ya fito mata a karkace. "Juya motar nan ka kai ni gidan 'yata."

Juya mota a layin jirgin fito aiki ne da ke bukatar zagin mutum goma sha wani abu, kuma an ba su cikakke. Mitar ya amsa wa kowa daidai gwargwado, da murya irin wadda Pave ba ta san yana da ita ba. Ta ga ashe dai akwai ɗan abin yabo a jikinsa.

Jele tana tsaye a kan matakalar waje, hannu a ƙugu, da cokalin miya. Ta yi ƙiba kaɗan, ta fara kama da uwarta ta inda ba za ta so a faɗa ba. Ta dubi malafar, ta dubi tabarau da ke hannun Pave.

"Mama, wannan hular fa? Wa ya mutu ya bar miki?"

"Ke kuma wa ya ce ki bar gashinki haka? Matsa in wuce."

Ta wuce. Ta taka bakin ƙofar da ƙafarta, ba wanda ya ja ta, ta shiga, rufin bai faɗo ba. Can ciki Jele ta cim mata ta baya ta rungume ta, cokali da komai, suka tsaya haka suna kuka, kowace tana gaya wa ɗayar cewa laifinta ne.

Daga ƙarƙashin tebur kunnuwa biyu suka fara fitowa, sannan sauran yarinyar.

"Zorka," in ji Jele tana share ido, "zo ki gaida Kaka."

Yarinyar ta taho a hankali, tana nazarin malafar. Pave ta durƙusa a kan gwiwoyin da Herceg Novi ta cinye, ba ta ko ji su ba. Ta kama 'yar fuskar da hannu biyu. Ta sumbaci kuncin dama. Ta sumbaci na hagu. Ta ja baya tana lalube cikin jaka, don a fara raba kunnuwan Baldo da wannan robar.

Zorka ba ta motsa ba. Ta juyo da kuncin dama, ta miƙo shi, ta rufe ido, tana jira.

Jele ta daina share ido. Mitar yana bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai yana nazarin takalminsa.

Yarinyar ta buɗe ido ɗaya.

"Kaka, ba ki iya ƙirga ba? Saura ɗaya."

Pave ta dubi ɗan kuncin nan, da miya a gefensa. Ba shi ya cire mata ƙofa ba, ba shi ya sha ruwan firijinta ba. Ta sunkuya ta ba shi ta ukun, ta daɗe a kai, har yarinyar ta fara mutsu-mutsu tana cewa malafa tana tsokane mata ido.

Da ta miƙe, da taimakon tebur, ta juya wajen ƙofa.

"Kai kuma me kake jira a nan? Shekara shida kana tsaye da baki a tsuke kamar mai hura wuta. Zo ka ƙarasa abin da ka fara, miyar 'yata tana hucewa."